Yafito, Gayyata da Sammaci: Yadda Hausa da Turanci Ke Cewa "Matso Kusa"

Kafin ka yi nisa da karatun nan, gwada wani ɗan abu. Ɗauka kana tsaye a bakin tashar Batsari, ka hango mai tallan dafaffen rogo can tsallaken titi. Ga ƙarar babura, ga 'yan kamasho suna ta ihun Katsina, Katsina, ko ka ɗaga murya ba za ta ji ka ba. Kira ta da hannu. To, tsaya haka nan, dubi hannun naka. Ina tafinsa yake kallo?

In dai a ƙasar Hausa ka tashi, ƙasa yake kallo, yatsu huɗu suna lanƙwasowa wajenka kamar mai tattaro hatsi a kan tabarma. Shi ne yafito, wasu su ce yafuto. Ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya koya maka, kuma mai yiwuwa ba ka taɓa tunanin akwai wata hanyar ba. Akwai kuwa. Mutumin Landan ko na Amurka in zai kira ka, tafin hannunsa sama yake kallo, in kuma kana kusa da shi sai ya dunƙule sauran yatsun ya bar ɗan ali kaɗai yana lanƙwasa shi. Nasa da namu duka kalma ɗaya Turanci ya ba su, wato *beckon*. Sai dai kalmar ce ɗaya, hannuwan biyu ba sa fahimtar juna. Shi in ya hango yafitonmu, yakan ɗauka ana ce masa sai an jima ne, ko ana nuna masa ya zauna, ko ma korar sa ake yi. Mu kuma in aka kira mu da ɗan yatsa guda, abin da ke fara zuwa ranmu shi ne, wannan raini har ina?

Akwai wadda ta fi wannan muni. Baƙo ya shigo gari, yana so ya nuna shi mai fara'a ne, sai ya ɗaga hannu ya ware yatsu biyar ya turo tafin wajen mutane yana murmushi. A wurinsa gaisuwa ce. A wurinmu, in ya ɗan tura hannun gaba kaɗan, daƙuwa ce tsagwaronta. Ba mu kaɗai ba ne a nan: mutanen Girka ma suna da wannan alama, kuma zagi ce a wurinsu. Ma'aikacin lafiya da ya zo aikin rigakafi daga nesa, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo makaranta a Runka ko Ruma, yana iya ɓata wa dattijo rai tun bai buɗe baki ba.

Gado ne ko koyo?

A 1969 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Amurka, Paul Ekman da Wallace Friesen, suka kasa motsin jikin da mutum ke sadarwa da shi gida biyar. Gidan da ya shafe mu shi ne na alamomin da ke tsayawa da ƙafarsu, waɗanda za ka iya fassara su da kalma ɗaya ko biyu ko da baki bai furta komai ba: zo, tafi, tsaya, yi shiru. Irin waɗannan alamomi kamar kalmomi suke. Koyon su ake yi, kuma suna da kari, kamar yadda Hausa ke da Katsinanci da Kananci.

Shekara 10 bayan haka, a 1979, Desmond Morris da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a wurare 40 cikin ƙasashe 25, kusan duka a Turai, inda suka tambayi mutum 1,200 ma'anar alamomin hannu. Ashe ko Turawan ma hannunsu bai zo ɗaya ba. Na arewa, irin su Ingila da ƙasashen ƙanƙara, tafinsu sama yake kallo. Na bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Sifen, da mutanen Tunisiya, da yawansu irin namu suke yi. Ka ƙara gaba zuwa Japan, can ma tafi ƙasa ne. Ɗan mutum-mutumin kyanwar nan mai ɗaga hannu da ake ajiyewa a shagunan Japan da na Sin, kiran masu ciniki take yi, amma Turawa da yawa sun ɗauka bankwana take musu. Ka ga kenan yafitonmu ba shi ne baƙo a duniya ba. In ana ƙidaya ne ma, ina ganin ɗan yatsan Bature shi zai nemi masu tsaya masa.

To amma kiran da hannu shi kansa fa, daga ina? Nan ne abin ke komawa can baya. A 2014, Catherine Hobaiter da Richard Byrne suka wallafa abin da suka gani a wurin birran cimfanzi na dajin Budongo a Yuganda: alamomin jiki 66 da birran ke amfani da su da gangan don isar da saƙo iri 19, a ciki har da "matso kusa" da "biyo ni". A wannan shekarar dai, Emilie Genty da Klaus Zuberbühler suka nuna cewa birran bonobo da ke wani gandu kusa da Kinshasa sukan miƙa hannu wajen wanda suke nema, sannan su lanƙwaso shi wajen kansu, galibi in suna neman abokin barbara. A wajen mutane kuwa, Jana Iverson da Susan Goldin-Meadow sun nuna a 1998 cewa yaran da aka haifa makafi, waɗanda ba su taɓa ganin hannun kowa ba, suna motsa hannu in suna magana, har ma in wanda suke yi wa maganar shi ma makaho ne. Wato dai son yin magana da hannu da shi aka haife ka. Ko tafin zai kalli sama ko ƙasa, wannan unguwarku ce ta yanke.

Batun hannun hagu ma an auna shi. A 2001 Sotaro Kita da James Essegbey suka yi nazarin yadda mutanen Keta a Gana ke yi wa baƙo kwatancen hanya. Sun ga mutum yakan gwammace ya murɗa jiki ya tsallako da hannun dama zuwa hagu, da ya ɗaga hagun ya yi nuni da shi. Wanda ya taɓa shan faɗa don ya karɓi abu da hagu ba ya bukatar ƙarin bayani.

Me ya sa wanda ya yi nisa ba ya jin kira

Karin maganar ba a kan sauti aka yi ta ba, mun sani, amma lissafin sauti ya goyi bayanta. A fili, inda babu bango, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da desibel 6. Hira ta yau da kullum kamar desibel 60 take a nisan mita 1. Ihu mai kyau yakan kai 85. A nisan mita 100, ihun nan ya zube zuwa wajen 45, ƙasa da hirar wanda ke zaune kusa da kai. Titi mai cunkoso kuwa hayaniyarsa kan kai 70 zuwa 80. Saboda haka mai rogon can ba girman kai ne ya hana ta waiwayowa ba.

Kuma ba duka sautukan ke mutuwa tare ba. Baƙaƙe irin su "s" da "f" da "t" raunana ne, sirara, iska ta fi saurin shanye su. Wasula su ke jurewa. Shi ya sa in uwa za ta kira ɗanta daga wancan gefen gona take jan wasalin ƙarshe, Audu ya koma Auduuu. Ba ta karanta ilimin sauti ba, amma daidai ta yi.

Ido kuwa hayaniya ba ta dame shi ba, iyakarsa girman abu. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abu mai faɗin santimita 2, wato kamar kaurin yatsa, har zuwa wajen mita 70. Bayan nan yatsa ya ɓace, saura tafin hannu, daga nan sai damtse gaba ɗaya, sai hula ko mayafi da ake kaɗawa sama. Lura da kanka: gwargwadon nisan wanda kake kira, gwargwadon yadda yafiton ke tashi daga yatsu ya koma wuyan hannu, ya koma kafaɗa. Kiran ɗan ali na cikin ɗaki ne. A gonar gero da ta kai wuya, ko a bakin dajin Rugu inda makiyayi ke hango ɗan'uwansa a kan tudu, ba zai yi aiki ba.

Wasali guda mai aikin hannu

Hausa tana da wani abu da Turanci ba shi da shi. Dubi waɗannan: fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, aika da aiko, matsa da matso, ja da jawo, kai da kawo. Wannan "o" ta ƙarshe aikinta ɗaya, ta juyo da aikin wajen mai magana. Masana nahawu suna kiran wannan sifa giredi na 6, bisa tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960. Kusan kowane aikatau za ka iya yi masa haka. In aka ce ka sayo gishiri, ba saye kaɗai aka sa ka ba, har da dawowa da shi. Ita kanta kalmar yafito da wannan "o" ta ƙare, don haka alƙiblar hannun tana cikin sunansa.

A Batsari da Safana, inda "f" kan koma "h", za ka ji tahi da hito, kuma za ka ga a fili cewa "taho" ba komai ba ce illa "tahi" da aka juyo da ita gida. Ga kuma yaka da yaki da yaku, gajerun kalmomin da babba ke jefa wa ƙarami. Abin dariya a rubutunmu na boko shi ne, tafi na korar mutum da tafi na kiransa da hannu biyu haruffansu ɗaya, haka fito na fitowa da fito na busawa da baki. Karin sauti da tsawon wasali ke raba su, su kuma ba ma rubuta su.

Turanci a da yana da ɗan abu makamancin wannan, kalmar *hither*, wato "zuwa nan", amma ta tsufa ta faɗi. Abin da ya rasa a nahawu sai ya cike da tarin kalmomi. Kuma tarin nan ba a hargitse yake ba, yana da tarihi.

Kalmomin gida da na fada

Kalmomin kira na yau da kullum tsofaffin 'yan gida ne. *Come* da *beckon* tun tsohon Turanci suke, kuma *beckon* 'yar'uwar *beacon* ce, wutar da ake hurawa a kan tudu don a hango daga nesa. *Call* daga harshen mutanen arewacin Turai masu jiragen ruwa ta shigo. Sai a 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu na ɗaruruwan shekaru. Ta wannan ƙofa *summon* da *lure* da *entice* suka shigo. Daga baya malamai suka ɗebo wasu daga Latin, irin su *invite* da *attract*. Kamar dai yadda Hausa ke da "zo" tata ta gado, da "maraba" daga Larabci, da "sammaci" daga Turanci, kowace da rigar da take sawa.

*Attract* ita ce mafi sauƙi. Asalinta "ja zuwa ga", kuma tushenta ɗaya da tarakta, motar da ke jan garma, da kwantiragi, abin da ke jawo mutum biyu wuri ɗaya. Ba ta bukatar niyya. Maganaɗisu yana jawo ƙusa, fure yana jawo zuma, kasuwa tana jawo fatake, ba wanda ya ɗaga hannu.

Sauran kuwa, in kana so ka rarrabe su, ko don jarrabawa ko don karatun jarida, yi wa kowace tambaya biyu. Wanda aka kira yana da ikon ƙin zuwa? Kuma ya san abin da ke jiransa a can?

*Invite* ta ci tambayoyin biyu: ka san abin da za ka tarar, kuma kana iya cewa a'a. Har haruffa huɗun nan na RSVP da ke ƙasan katin biki, taƙaitaccen Faransanci ne mai nufin "a daure a ba da amsa", wato a faɗa ko za a zo ko ba za a zo ba. Mu dai mun mayar da wurin filin jera sunayen manyan dangi. Amma a ganina "gayyata" ba ta yi daidai da *invite* ɗari bisa ɗari ba. Gayyata daga gayya take, kuma wanda ya san gayyar noma ya san ba a cewa a'a kyauta. In maƙwabcinka ya yi gayya ka ƙi fita da fartanya, ranar taka gayyar za ka ga amsa. Haka goron gayyata, wanda yau ya koma alewa da kati da saƙon WhatsApp: in ya shigo gidanka bashi ne ya shigo, kuma kalmar "biki" kanta tana nufin gudummawar da za a rama. Ba kotun da za ta kama ka, amma gari zai riƙe. Akasin wannan shi ne gayyar soɗi, zuwan wanda ba a kira ba.

Gayyatar da ba ta biki ba

*Summon* ta faɗi tambaya ta farko. Ka san inda za ka, amma ƙin zuwa ba naka ba ne. Daga sunanta, *summons*, Hausa ta samo "sammaci" a zamanin mulkin Turawa. Tana da ƙanwa mai tsanani, *subpoena*, takardar da ke tilasta wa shaida zuwa kotu, wadda ma'anarta a Latin ita ce "ƙarƙashin hukunci". Wanda ya yi watsi da sammacin kotu, alƙali yana iya ba da umarnin a kamo shi.

Inda abin ke rikita mutane shi ne yadda Turancin Najeriya ya ari *invite* ya sa mata kaki. Kullum za ka ji a labarai cewa 'yan sanda ko hukumar EFCC sun "gayyaci" wane. Kalmar ta biki ce, amma babu shinkafa a wurin. Takardar gayyata ta jami'an tsaro ba sammacin kotu ba ce, ba kuma takardar kamu ba ce, amma mutum kan shiga ofis da sunan baƙo ya kwana da sunan wanda ake tuhuma. Saboda haka in irin wannan takarda ta zo gidanku, a sa wanda ya iya karatu ya duba abu uku: wa ya aiko ta, kotu ko ofishin tsaro, a matsayin me ake neman mutum, shaida ko wanda ake zargi, kuma wace rana ce, a ina. Kada a tafi ba tare da an sanar da dangi ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ko aka tsare damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi gaban kotu cikin kwana 1 in akwai kotun da ta dace a cikin kilomita 40, in babu, kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace.

A al'adarmu ma mun san wannan bambanci, ko da kalma ɗaya muke amfani da ita. In dogari ya zo daga fadar Sarkin Ruma a Batsari, ko ta Yariman Katsina a Safana, ya ce "ana kira", ba wanda zai tambaye shi ko dole ne. Ƙa'idar a bayyane take: kira daga sama yake gangarowa. Yaro ba ya yafito babansa, ɗalibi ba ya ce wa malaminsa yaka. Ƙarami shi ke tashi ya je, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. In kuwa dole sai babba ya fito, sai a lulluɓe kiran: a tura yaro cikin gida ya ce "wai ana sallama da maigida". Ba a ce ya zo ba, an dai ce akwai sallama a zaure. Kunya ma ta ƙara wa hannu aiki. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, da uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, da me za su yi kira in ba da gyaran murya da yafito da "kai, wannan" ba?

Wa ya taso ya je wurin wa, ba ƙaramar magana ba ce ko a manyan lamura. A 2019, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta shiga sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, Batsari da Safana na ciki, gwamnan ne da kansa ya riƙa zuwa ƙauyukan da aka yi zaman. Wasu sun ga tawali'u ne don a samu lafiya, wasu sun ga hukuma ce ta amsa kiran wanda ya kamata ta aika wa sammaci. Tun ba a fara magana ba, tafiyar ta riga ta faɗi wani abu.

Kiran da ke da ƙugiya a ciki

Saura kalmomin da suka faɗi tambaya ta biyu. Ba a tilasta maka ba, da ƙafarka ka zo, amma an ɓoye maka abin da ke jiranka. Abin sha'awa, manyansu daga wurin mafarauta Turanci ya same su.

*Lure* sunan wani kayan aiki ne na masu farauta da shaho, sana'ar da Larabawan yankin Gulf ke yi har yau. Tarin gashin tsuntsu ne ake ɗaurewa a bakin igiya tare da ɗan nama. In shaho ya tashi ya ƙi dawowa, sai mai shi ya riƙa wulwula igiyar, shahon ya ɗauka tsuntsu ne ya sauko. Ka lura da wani abu: ana ba shi naman da gaske. In ba a ba shi ba, gobe ba zai sauko ba. Mayaudarin da ya san aikinsa yakan cika alkawarin farko.

*Bait* shi ne koto, abin da masunci a madatsar ruwa ta Zobe ke soka wa ƙugiya, kuma dangin kalmar cizo ce a Turanci. *Decoy* daga harshen Holan take, daga sunan kejin da ake kama agwagin ruwa da shi, inda ake sakin agwagin gida su jagoranci na daji zuwa cikin raga. Kada ka haɗa ta da burtun maharbanmu. Maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe, shi ne ke matsawa kusa da nama a ɓoye. A *decoy* kuwa naman ne ke tahowa da kansa, don ya ga 'yan'uwansa a can suna kiwo lafiya. Wadda ta fi kusa da ita a gidajenmu ita ce tsabar da uwargida ke watsawa tana kiran kaji ranar da aka yi baƙo.

*Entice* masana suna ganin ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin bakin wuta, wato hura wutar sha'awa a zuciyar mutum. Hausa ta bi wannan hanyar ita ma: da zugazugi maƙeri ke zuga wuta, da baki ake zuga mutum. *Coax*, wato lallashi, yau kalma ce mai taushi, irin yadda ake lallaɓa yaro ya sha magani, amma ta fito ne daga wata tsohuwar kalma mai nufin wawa. *Charm* kuwa asalinta waƙa ko surkulle, kuma in kana neman takwararta a nan, tambayi tsofaffi labarin kiranye, asirin da ake cewa yana dawo da wanda ya yi nisa ko yana so ko ba ya so.

Mu ma ba mu rasa namu ba: kwaɗaitarwa, hilata, hure kunne, daɗin baki, romon baka. Matsalar tana wajen fassara. In jaridar Turanci ta rubuta cewa *he was lured*, ta ɗora laifin a kan wanda ya yi kiran. In mai fassara ya ce "an kira shi ya je", laifin ya ɓace, har mai sauraro ya fara tambayar shi me ya kai shi. "An yaudare shi ya je" ita ce daidai. A yankin da ake fama da garkuwa da mutane, inda kiran waya daga muryar da ka sani kan iya zama tarko, bambancin kalmomin nan biyu shi ne bambancin wanda aka zalunta da wanda za a yi wa kallon ɗan leƙen asiri.

Doka ma ta san da wannan. Hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi Jibiya zuwa Maraɗi, ta wuce Agadas har Libiya da Aljeriya, tana cikin hanyoyin da masu safarar mutane ke bi, kuma da wuya su fara da bindiga. Da alkawarin aiki suke farawa, da kuɗin mota, da hoton wata 'yar unguwa da ta riga ta tafi tana sanye da sabon leshi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Palermo ta shekarar 2000 ta sa yaudara a jeri ɗaya da tilastawa da sacewa, ta kuma ce in an yi amfani da ɗayansu, amincewar wanda aka tafi da shi ba ta zama hujja. Najeriya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 don wannan aiki, ta sabunta dokar a 2015. Saboda haka maganar nan da ake yawan yi a zaure, "ai da ƙafarta ta tafi", ba ta wanke wanda ya kai ta. In kuwa wadda aka ɗauka don a ci da guminta ba ta kai shekara 18 ba, yarjejeniyar ba ta ma bukaci a nuna an yaudare ta ba, ɗaukar kaɗai ta isa laifi.